Farin Gurbi a Taswira: Matsalolin Ma'aunin Launi na Logaridim da Yadda Ake Gyara Su

A ce an ɗebo ruwan rijiyoyi arba'in daga ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura, an kai ɗakin gwaji, an ƙirga ƙwayar cutar E. coli a cikin kowace mililita 100. Rijiyar burtsatse ta makaranta ta ba da sifili, wata ta ba da 3, ta bakin kasuwa 40, wata buɗaɗɗiya da ke kusa da mashayar shanu ta ba da 2,000. Idan aka zuba waɗannan alƙaluma a taswira da ma'aunin launi na yau da kullum, wanda ke raba tazara daidai wa daida daga 0 zuwa 2,000, rijiya ɗaya ce tak za ta fito da launinta daban. Ta 40 ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na tsawon sandar launin, wato jerin launukan gefen taswira mai nuna ƙimar kowane launi, ba, ido ba zai bambanta ta da ta sifili ba. Alhali ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ƙwayar ko guda ɗaya a mililita 100 na ruwan sha, kuma ma'aikatan ruwa da tsafta sun saba kasa haɗarin ne hawa-hawa: ƙasa da 1, daga 1 zuwa 10, daga 11 zuwa 100, sai abin da ya haura 100. Dalilin komawa ga ma'aunin logaridim ke nan. Sai dai da an kunna shi, wasu matsalolin ne ke ɓullowa, kuma yawancinsu manhajar ba ta yin ƙorafi a kansu. Taswirar za ta fito tsaf, amma ba gaskiya take faɗa ba.

Logaridim ƙirgen sau nawa aka ninka da goma ne. Dubi takardun kuɗi: naira 10, naira 100, naira 1000. Kowace ta ninka ta ƙasanta sau goma, taki ɗaya-ɗaya ke nan a kan tsani. Logaridim ɗin 10 shi ne 1, na 100 shi ne 2, na 1000 shi ne 3. John Napier ɗan Sikotland ne ya fito da dabarar a 1614, Henry Briggs kuma ya daidaita ta a kan goma 'yan shekaru bayan haka. A sandar launi ta wannan tsari, tazarar 1 zuwa 10 tana samun tsawo daidai da na 100 zuwa 1000. Yanzu juya ka sauko tsanin: 1, sai 0.1, sai 0.01, sai 0.001. Ka yi ta rabawa da goma har gobe, ba za ka taka sifili ba. Tsanin ba shi da ƙasa. Kusan duk wahalar da ake sha daga nan ta samo asali.

Ramukan da ke fitowa fari

A Matplotlib, manhajar zane ta Python da ɗalibai da masu bincike suka fi amfani da ita, LogNorm ne ke yin wannan aiki. Duk gurbin da ƙimarsa sifili ce ko ƙasa da sifili, LogNorm yana rufe shi, ya ba shi launin da aka ware wa ɓatattun ƙimomi. Shi kuwa wannan launi, in ba a canja shi ba, ba launi ba ne, shara-shara ne, farin takarda ake hangowa ta cikinsa. Idan ɗigo-ɗigo ake zanawa da scatter, rijiyar da ta ba da sifili ɓacewa take yi daga taswirar gaba ɗaya. Wato rijiyar da ta fi kowace tsafta, wadda ya kamata a nuna wa mutanen gari, ita ce babu.

Abin da ya sa wannan ya zama babbar matsala shi ne abubuwa huɗu daban-daban ne ke faɗawa ramin guda. Akwai sifili na gaskiya: ranar nan ba a yi ruwa a Ɓaɓura ba. Akwai inda ba a auna ba sam. Akwai abin da ya yi ƙanƙantar da na'urar gwaji ba ta iya gano shi. Akwai kuma ƙimomin ƙasa da sifili da lissafi ya haifar bisa kuskure. Ga malamin gona, "ba a yi ruwa ba" da "ba mu sani ba" magana biyu ce, shawarar da zai ba manomi game da shuka ba ɗaya ba ce. Taswirar da ta haɗa su a launi guda ta ɓatar da shi.

Saboda haka kafin a taɓa launi, a ƙirga. Layi huɗu sun isa, in sunan teburin alƙaluman a ne:

```
(a == 0).sum()
(a < 0).sum()
np.isnan(a).sum()
a[a > 0].min(), np.nanmax(a)
```

Na farko zai gaya maka yawan sifili, na biyu yawan waɗanda suka yi ƙasa da shi, na uku yawan guraben da babu komai, na huɗu mafi ƙanƙanta a cikin waɗanda suka haura sifili da kuma mafi girma. Idan layi na biyu ya ba da adadi mai yawa, duba ƙimomin da idonka. Bayanan ruwan sama na CHIRPS, waɗanda suka faro daga 1981 kuma kowane gurbinsu ya kai kimanin kilomita 5, suna sa -9999 a inda babu awo, haka ma manhajojin taswira kan cusa irin wannan lamba a wajen iyaka idan aka yanke hoton a kan iyakar jiha. A mai da ita NaN, wato alamar "babu lamba", tun da farko, kafin kowane irin lissafi. Wanda ya fara rage girman hoton ko ya ɗauki matsakaici, -9999 za ta cakuɗe da maƙwabtanta ta koma -2400 ko -310, binciken "daidai da -9999" ba zai ƙara kama ta ba. Alamar wannan ita ce farin zobe da ya bi gefen iyaka, kamar an zagaye jihar da alli.

Bayan an tsabtace, sai a raba ramin biyu:

```
b = np.where(a == 0, 0.01, a)
launi = plt.get_cmap("viridis").copy()
launi.set_under("white")
launi.set_bad("lightgray")
hoto = ax.pcolormesh(x, y, b, cmap=launi,
                     norm=LogNorm(vmin=0.1, vmax=100))
fig.colorbar(hoto, extend="min")
```

Abin da aka yi a nan: an ture sifili zuwa wata ƙima da ke ƙasa da gindin sandar, don ya ɗauki launin "ƙasa da iyaka", an bar guraben da babu awo su ɗauki ruwan toka, sannan extend ya ƙara ɗan tsini a gindin sandar da ke nuna wannan launin. Lura cewa an yi canjin ne a kan b, kwafin zane. Teburin a kuwa yana nan yadda yake don lissafi. Kada a sa clip=True a cikin LogNorm, domin yana janyo duk abin da ya fita iyaka ya dawo bakin iyakar, launin set_under ba zai taɓa fitowa ba. Kwafin da aka yi wa viridis, jerin launukan da aka zaɓa, ma yana da dalili: wasu sigogin manhajar suna gargaɗi, tsofaffi kuma suna barin canjin ya shafi duk zanen da zai biyo baya. Ga taswirar rijiyoyi, a ƙara edgecolors="black" domin kowace rijiya ta samu baƙin zobe, ko da cikinta fari ne.

Takardar ɗakin gwaji tana da nata tarkon. Ba a cika rubuta sifili ba, "<1" ake rubutawa. Farantin gwaji na Quanti-Tray 2000 kuma ƙirgensa yana tsayawa a 2419.6, abin da ya wuce nan ">2419.6" ake sawa. Waɗannan rubutu ne, ba lamba ba. Idan aka tilasta wa pandas, manhajar sarrafa tebur ta Python, ya mai da ginshiƙin lambobi da errors="coerce", duka biyun NaN za su koma. Mafi tsafta da mafi ƙazanta sun ɓace tare, an bar na tsakiya. Gyaran shi ne a ware su kafin juyawar: na "<1" su tafi ƙasa da vmin (gindin sanda), na sama su tafi sama da vmax (saman sanda), a ba kowanne launinsa da set_under da set_over, a sa extend="both".

Dabarar ƙara ɗaya

Da yawa sukan kauce wa duk wannan ta hanyar ƙara 1 a kan kowace ƙima kafin ɗaukar logaridim, tunda logaridim ɗin 1 sifili ne. Ramin yana toshewa, gaskiya ne. Ga abin da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya, kamar yawan ƙwarin da tarko ya kama a gonar masara a mako, dabarar tana da kan gado, domin 1 shi ne mafi ƙanƙantar taki. Ga abin da ake aunawa kuwa, ba na ba da shawararta. Dalili: sakamakon ya dogara ne kacokan ga ma'aunin da aka rubuta alƙaluman da shi. Ruwan milimita 5, in an ƙara 1, logaridim ɗinsa 0.78. Ruwan nan dai a bayanan yanayi na ERA5, inda ake rubuta ruwan sama da mita, 0.005 ne, ƙara masa 1, logaridim ɗinsa 0.002. Ruwa ɗaya, taswira biyu da ba su yi kama ba, ta biyun ma ta daina zama ta logaridim, ta koma miƙaƙƙiya. Wasu kuma sukan ƙara ƙanƙanuwar lamba irin 0.0000000001. Wannan ya fi muni, kuma shi ne ke kai mu ga cuta ta gaba.

Taswira ta koma launi ɗaya

In ba a faɗa wa LogNorm iyaka ba, yana ɗaukar mafi ƙanƙantar ƙimar da ta haura sifili ya sa a gindi. Bayanan da suka fito daga lissafin kwamfuta ko tauraron ɗan Adam cike suke da ɓurɓushi, ƙimomi irin 10 a kan ƙarfin -12 (0.000000000001), waɗanda a zahiri sifili ne da lissafi bai share ba. Gurbi ɗaya mai irin wannan ƙima ya isa. Sandar za ta miƙe daga can har zuwa 100, hawa 14 ke nan, kowane hawa ninki goma. Ruwan da ke da ma'ana ga manomi, daga milimita 0.1 zuwa 100, hawa 3 ne kawai. A cikin launuka 256 da viridis ke da su, kimanin 55 ne suka rage wa ainihin aikin, duk a can saman sandar, rawaya da kore-kore. Yayyafi da mamakon da ya cika fadama sai su yi kama.

Maganin shi ne a sa vmin da vmax da hannu, kuma a zaɓe su daga sanin abin da ake aunawa. Tambayar ita ce: mene ne mafi ƙanƙantar abin da na'urar ke iya gani, kuma daga ina ne bambanci ya daina amfanar mai karatu? Ga ruwan kwana ɗaya, 0.1 ko 1 zuwa 100. Ga E. coli, 1 zuwa 1000. Hawa biyu zuwa huɗu ido ke iya bi. In ya kai shida, a sake dubawa. Wanda ke amfani da xarray, wata manhajar Python, zai ga zaɓin robust=True, mai yanke kashi 2 na ƙasa da kashi 2 na sama. Yana taimakawa wajen leƙen farko, amma idan rabin guraben sifili ne, gindin da zai lissafo ma sifili ne.

Saƙonnin kuskure biyu ne aka fi cin karo da su a nan. "Invalid vmin or vmax" na nufin gindin ya zama sifili ko ƙasa da shi, ko kuma babu ƙima ko ɗaya da ta haura sifili a teburin, kamar taswirar ruwan sama ta watan Janairu. Wanda ke zana watanni goma sha biyu a jere zai ga shirin ya tsaya cak a watannin rani saboda haka, sa iyaka da hannu kuma yana warware shi. Na biyun yana fitowa ne idan aka ba da norm sannan aka sake rubuta vmin da vmax a waje. Tsofaffin sigogi sun yarda da haka, daga 3.3 aka fara gargaɗi, daga 3.5 aka hana. A shigar da su cikin LogNorm ɗin. Daga siga ta 3.6 ana iya rubuta norm="log" kawai, a nan kuma vmin da vmax a waje suke zama.

Wani kuskure mai saurin faruwa shi ne ɗaukar logaridim sau biyu: an riga an yi np.log10 a kan alƙaluman a sama, an manta, an sake sa LogNorm a ƙasa. Duk abin da asalinsa bai wuce 1 ba zai zama rami, sandar kuma za ta tsaya a wajen 2 ko 3. A kuma tuna np.log a Python, da log a R da MATLAB, ba na goma ba ne. 1000 yana ba da 6.91 maimakon 3. A Excel kuwa LOG na goma ne, LN ne ɗayan. Idan lambobin sanda ba su yi kama da abin da aka auna a fili ba, nan za a fara dubawa.

Awon ƙasa kafin haƙa rijiya

Inda kuskuren ya fi tsada shi ne binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa. Masu awo suna kafa ƙarafa a jere, su tura wutar lantarki cikin ƙasa, su auna yadda ƙasar ke turje wa wutar, da ma'aunin om-mita. A yawancin Kano da kudu maso yammacin Jigawa, wajen Dutse da Birnin Kudu, tsohon dutse ne a ƙarƙashi, ruwa kuma yana zama ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa da cikin tsagogi. Can gabas wajen Haɗeja kuwa yashi da laka ne na kwarin Chadi, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Jiƙaƙƙiyar laka kan ba da 'yan gomomi ko ƙasa da haka, ruɓaɓɓen dutse mai ruwa daga gomomi zuwa 'yan ɗaruruwa, lafiyayyen dutse kuma dubbai. Ba yadda za a nuna wannan sai da logaridim.

Matsalar tana shigowa ne wajen cike giɓin da ke tsakanin wuraren awo. A ce wuri ɗaya ya ba da 20, na kusa da shi 2000. Idan aka cike giɓin da ɗanyun alƙaluma, tsakiya za ta zama 1010. Idan aka fara ɗaukar logaridim, aka cike, sannan aka dawo, tsakiya 200 ce. A taswirar farko, launin dutse ya mamaye kusan duk tazarar, yankin da ake sa ran ruwa ya tsuke ya zama siriri. Wanda ya karanta ta zai iya kauce wa wurin da ya dace, ko ya ce a tsayar da haƙa da wuri, kuɗin da al'umma suka tara gida-gida ya tafi a busasshen rami. Don haka tsarin shi ne: np.log10 tukuna, sai griddata mai cike giɓin, sai a ɗaga 10 zuwa sakamakon, sannan LogNorm.

Wannan tsari yana kashe wata cutar ma. Hanyar cubic ta griddata tana lanƙwasa layi don ya yi sumul, kuma kusa da inda ƙima ta faɗo daga dubbai zuwa gomomi takan zarce ta nutse ƙasa da sifili. Turjiyar ƙasa ba ta zama ƙasa da sifili, amma lissafin bai san haka ba. Sai a ga fararen tabo a daidai bakin yankin ruwan, wurin da aka fi buƙatar gani. In an cike a kan logaridim, duk abin da ya fito, da an dawo da shi sama da sifili yake.

Ga masu zana yanki-yanki da contourf, idan aka ba shi LogNorm kawai yakan yanka a 10, 100, 1000, launi biyu ko uku ke nan, bai isa ba. A ba shi matakan da kai: levels=np.logspace(1, 4, 13) zai ba da taki huɗu a kowane hawa, wato 10, 17.8, 31.6, 56.2, 100, haka har 10,000. A kula, lambobin da logspace ke karɓa ƙarfin goma ne (1 na nufin 10, 4 na nufin 10,000), ba ƙimomin kansu ba. Wanda ya fi son rubuta ƙimomin kai tsaye ya yi amfani da np.geomspace(10, 10000, 13), abu ɗaya ne. Matakan linspace kuwa ba sa tafiya da LogNorm. Yankin farko zai haɗiye laka da ruwa duka, sauran su rarraba dutse.

Lambobin jikin sanda

Matplotlib yana rubuta 10 da ƙaramar lamba a kafaɗarta. Ga mujallar kimiyya babu laifi. Ga taron kwamitin ruwa na ƙauye ko ofishin ƙaramar hukuma, a rubuta 1, 10, 100, 1000 ƙarara, da ticks=[1, 10, 100, 1000] da format="%g" a cikin colorbar. In hawan biyu ne kacal, jerin 1, 2, 5, 10, 20, 50, 100 ya fi sauƙin karantawa. Amfanin waɗannan na tsakiya babba ne, domin ido yana ɗauka launin da ke tsakiyar 10 da 100 shi ne 55, alhali 32 ne.

Idan kuwa sandar ta fito babu lamba ko ɗaya, ko ta cika da irin 3×10² da 4×10² suna hawa kan juna, alama ce alƙaluman ba su cika hawa ɗaya ba. Jimillar ruwan shekara a ƙananan hukumomi, a ce daga milimita 500 zuwa 1000, ninki biyu ne kawai. Zafin rana, yawan amfanin gona a kadada, duk haka. Waɗannan ba sa buƙatar logaridim, a koma ma'auni miƙaƙƙe. Shi ma pH na ƙasa logaridim ne tun asali, ba a sake masa wani.

Sai taswirori da yawa a shafi ɗaya, kamar Mayu, Yuni, Yuli, Agusta. Idan kowace ta zaɓi iyakarta, rawayan Mayu da rawayan Agusta ba ruwa ɗaya suke nufi ba, sandar guda da aka liƙa a gefe kuma ta taswira ɗaya ce kawai. Wasu sukan gane haka su ƙirƙiri LogNorm guda su raba wa duka, amma ba su sa masa iyaka ba. Shi kuwa yana cike iyakarsa ne daga hoton farko da ya gani, ya riƙe. Agusta sai a auna shi da iyakar Mayu, ya fito rawaya fal. LogNorm guda, mai vmin da vmax a rubuce, shi ne daidai.

Idan akwai ƙasa da sifili na gaskiya

Bambancin ruwan bana da na bara yana iya zama ƙari ko ragi. LogNorm zai shafe duk inda aka samu ragi, wato daidai yankunan da fari ya taɓa. Hanya biyu ce. Ta farko SymLogNorm, wanda ke miƙewa a kusa da sifili, ya koma logaridim a ɓangarorin biyu. Faɗin miƙaƙƙen yankin linthresh ne ke tsara shi, a sa shi daidai da girman kuskuren awo, misali milimita 1. In ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ɓurɓushi zai fito da launi mai ƙarfi. A rubuta base=10 a fili, don tsofaffin sigogi da wani tushe suke aiki. Hanya ta biyu, wadda na fi so, ita ce a raba maimakon a ɗebe: ruwan bana a raba da matsakaicin shekaru. Sai a sa LogNorm daga 0.25 zuwa 4 da launi mai ɓangare biyu irin BrBG. Lamba 1 za ta faɗa tsakiya daidai, rabi da ninki biyu su yi nisa ɗaya da ita, kuma "rabin abin da aka saba samu" magana ce da kowane manomi ke fahimta. Sharaɗin shi ne vmin ya zama 1 a raba da vmax, in ba haka ba tsakiyar ta goce. Hotunan tauraron ɗan Adam da ke zuwa a matsayin uint16, tsarin lamba da ba ya ɗaukar ƙasa da sifili, a mai da su float, wanda ke ɗauka, kafin ɗebewa, domin a wancan tsari 3 a ɗebe 5 yana ba da 65534.

Sauran manhajoji cutar ɗaya ce, suna ne ya bambanta. A MATLAB, tun R2018a, set(gca,'ColorScale','log') ne, iyaka kuma da caxis, wanda aka sauya wa suna zuwa clim a R2022a. A gnuplot, set logscale cb tare da set cbrange [0.1:100]. A ggplot2 na R, trans="log10" a cikin scale_fill_viridis_c, sababbin sigogi kuma transform; shi yana gargaɗi cewa juyawar ta haifar da ƙimomi marasa iyaka, ya shafa wa sifili ruwan tokar da yake shafa wa NA, don haka rabawar nan dai sai an yi ta da hannu. Plotly ba shi da sandar logaridim ta kansa: a ɗauki log10, a gyara rubutun sandar da tickvals da ticktext. A QGIS, ga hoton guraben, ana iya rubuta ƙimomin 1, 10, 100 da hannu a teburin launuka.

Zaɓin launin kansa yana ƙara wa matsalar ko ya rage ta. Tsohon jerin jet mai kama da bakan gizo, wanda Matplotlib ya daina sa shi a matsayin launi na asali tun siga ta 2.0 a 2017, yana ƙirƙiro iyakoki a wajen rawaya da shuɗi-shuɗi inda alƙaluma ba su da iyaka, a taswirar awon ƙasa sai a ɗauka shimfiɗa ce ta daban. Jerin da ke farawa da fari, irin Blues, gindinsa yana sajewa da ramukan da aka bari shara-shara. Viridis da cividis haskensu yana ƙaruwa a jere daga gindi zuwa sama, shi ya sa suke tsira idan rahoto ya bi ta injin kwafi na baƙi da fari a shagon bakin tasha, wanda shi ne makomar yawancin rahotanni. A nan sai a sake duba launukan da aka ware: farin sifili da rawayan saman viridis suna iya kusantar juna a kwafi, ruwan tokar "babu awo" kuma ya yi kama da tsakiyar sanda. In haka ta faru, a yi wa guraben da babu awo zane-zanen layi da hatch, a juya jerin zuwa viridis_r don mai yawa ya zama mai duhu, fari ya zauna kusa da mafi ƙanƙanta.

Kafin a miƙa taswirar, a gwada ta da ƙimomin da aka sani. A zaɓi gurbi uku daga teburin asali, ɗaya mai sifili, ɗaya na tsakiya, ɗaya na sama, a nemo su a taswira, a karanta launinsu a sanda, a ga ko sun dace. Ana iya tambayar LogNorm ɗin kai tsaye ma: mai iyaka 1 zuwa 1000, in aka ba shi 10 ya kamata ya dawo da 0.333, in aka ba shi 100 ya dawo da 0.667. A ƙarƙashin hoton kuma a rubuta abu uku da Hausa ko da harshen rahoton: cewa kowane taki a sandar ninki goma ne, abin da fari ke nufi, da abin da ruwan toka ko zanen layi ke nufi, tare da adadin rijiyoyi ko guraben da suka faɗa kowanne.